Ajala: Ɗan Najeriyar Da Ya Ƙetare Duwatsun Amurka A Kan Keke

 Yau ba siyasa za mu taɓa ba, ba kuma kukan tsadar data ba. Tarihin wani mutum na kawo mana, wanda wasunmu sun taɓa jin sunansa a bakin mutane amma ba su san ko wane ne ba.

Yadda aka yi na san shi ma abin dariya ne. A ɗakinmu na makaranta akwai wani abokina Bayarabe ɗan Ilori. Tun muna aji ɗaya ya lura ba na iya cika sati biyu ban leƙa gida Ringim ba, yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi an ce in zo in raka Hajiya Dutse. Duk Juma'ar da ya ga na rataya jaka sai ya hau kirana Ajala. Da farko na ɗauka zagi ne da yarensu. Da na matsa masa, sai ya ce su a wajensu duk wanda ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya haka ake ce masa, shi ma tasowa ya yi ya ji ana faɗa. Wallahi shi kansa bai san cewa mutum ne na gaske ba.

Na daɗe da karanta tarihin mutumin na ajiye. Abin da ya sa na ɗauko shi yau shi ne, a hutun da ya wuce wani abokina na unguwa ya same ni da shawara. Wai so yake ya hau keke daga Ringim har Abuja don ya gaida wani babban ɗan siyasa, ni kuma tunda aikin jarida nake karanta in riƙa ɗora masa hotuna a Facebook da TikTok. Da na tambaye shi me zai faɗa wa mutumin in ya isa, sai ya yi dariya ya ce ai ba sai ya faɗi komai ba, ganin wahalarsa kawai ya isa a sallame shi. Ban ba shi amsa a ranar ba. Wannan rubutu shi ne amsar.

Asalinsa

Cikakken sunansa Moshood Adisa Olabisi Ajala. Iyayensa Yarabawa ne 'yan Najeriya, amma a Gana aka haife shi, zamanin tana hannun Turawan Ingila ana kiranta Gold Coast. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, don mu ma kakanninmu fataken goro sun kafa zango a Salaga da Kumasi, sun hayayyafa a can. Gidansu babban gida ne, mata huɗu, 'ya'ya sama da ashirin. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san in ba ka iya buɗe baki ka nemi naka ba, ko tuwon dare sai ya wuce ka. Ina jin a nan ya fara koyon abin da ya zama sana'arsa har ƙarshen rayuwa, wato yadda mutum zai sa a waiwayo a dube shi a cikin taro.

An dawo da shi Najeriya yana yaro. Ya yi karatu a makarantar Baptist Academy da ke Legas, da kuma Ibadan Boys' High School. Yana ɗan shekara 18 ya tafi Amurka ƙaro ilimi, ya sauka a birnin Shikago. Burinsa shi ne ya zama likita ya dawo gida ya yaƙi camfe-camfe da ke kashe mutane. Ya yi zama a kwalejin Roosevelt ta birnin. Ku riƙe wannan buri na likita a ranku, za mu dawo kansa.

Sai mun san irin Amurkar da ya tarar kafin mu gane girman abin da ya yi. A shekarar 1952 wariyar launin fata tana nan da ƙarfinta, a jihohi da dama ma doka ce. Sai a 1954 kotun ƙolin ƙasar ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe. Sai a 1955 Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a garin Montgomery. Akwai garuruwan da baƙin mutum ba ya bari rana ta faɗi yana cikinsu. Har wani ɗan littafi ake bugawa mai suna Green Book, wanda ke nuna wa baƙar fata matafiya otal ɗin da za a karɓe su da gidan abincin da ba za a kore su ba. Su kuma yawancin Amurkawa abin da suka sani game da Afirka bai wuce finafinan Tarzan ba: daji, namun dawa, mutane tsirara da mashi a hannu. Najeriya kuwa tana ƙarƙashin mulkin mallaka, saura shekara takwas ta samu 'yanci.

Wannan kallon raini ne ya dami Ajala. Maimakon ya tsaya yana jin haushi a ɗaki, sai ya yanke shawarar ya bi ƙasar gari-gari yana yi wa mutane lacca kan ci gaban da ake samu a ƙasarsa, ya nuna musu cewa 'yan Afirka ba da bante suke yawo ba. Abin hawan da ya zaɓa kuma shi ne keke.

Kwana 28 a kan sirdi

Ranar 12 ga Yunin 1952 ya tashi daga Shikago, ya nufi Los Angeles da ke jihar Kalifoniya a bakin tekun Pasifik. Nisan tafiyar mil 2,280 ne, wato kusan kilomita 3,670. Ya ɗebar wa kansa kwana 30, amma ranar 10 ga Yuli ya isa, kwana 28 ke nan. A hanya ya tsaya ya yi lacca a manyan birane 11.

Bari mu kawo lissafin gida don ya zauna mana. Wannan nisa ya ninka tafiyar Legas zuwa Kano sau uku har da ɗoriya. In ka raba shi gida 28, kowace rana ta kama kusan kilomita 130. Wato ka tashi daga Ringim da asuba, ka taka har Kano, ka juyo ka ci mafi yawan hanyar dawowa kafin magariba. Gobe ka sake, jibi ka sake, har sati huɗu ba fashi. Kuma in ka isa gari ba kwanciya za ka yi ba, wanka za ka yi ka tsaya gaban baƙin fuska ka yi magana da Turanci mai ma'ana. Ni da na taɓa karɓar keken ƙanena na je wani ƙauye da ke bayan kogi na dawo, kwana biyu ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya.

Sannan ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin tamu. Mu nan Jigawa in ka cire duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da tuddan rairayi, sai ka yi tafiyar yini ba ka ga abin da zai sa ka miƙe tsaye a kan feda ba. Tsayin mafi yawan ƙasarmu daga bakin teku bai kai mita 500 ba. Shikago ma a ƙasa take, a gaɓar tafkin Michigan. Amma wanda ya nufi yamma daga can, zai fara ratsa filayen noma masu faɗi inda iska ke bugun ƙirji, ƙasar tana ɗagawa a hankali ba ka sani ba, har ya iso jerin duwatsun Rocky da tuddan da ke kudu da su, waɗanda suka tokare ƙasar daga arewa zuwa kudu. Ko ta ina ka bi sai ka hau. Babbar hanyar da ta haɗa biranen biyu a wancan zamani, mai lamba 66, tana hawa sama da mita 2,000 a jihohin New Mexico da Arizona. Don kwatance, Jos da muke zuwa muna rawar ɗari wajen mita 1,200 take. Manyan titunan zamani na Amurka kuwa sai a 1956 aka sa hannu kan dokar gina su, shekara huɗu bayan tafiyarsa.

Hawan dutse a keke wata duniya ce daban. A fili, in ka gaji sai ka saki feda keken ya gangara da kai ka huta. A hawa, da ka daina takawa ka tsaya ke nan. Akwai hawan da za ka yi awa biyu ko uku ba ka ga ƙarshensa ba, ka sha kwana ka ga wata kwanar a sama. Duk abin da ka ɗaura a kariya, ruwa ne, famfo ne, kayan faci ne, kayan sawa ne, sai ka ji nauyinsa a cinyarka. Da ka haura mita 2,000 iskar shaƙa tana raguwa, mutumin da ya saba da ƙasa-ƙasa sai ya riƙa haki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da rana zafi, da dare sanyi. Gangara kuma da ake ɗauka hutu ce, nan ne hatsarin yake, don birki yana ɗaukar zafi, ƙaramin rami ya isa ya wurgar da mutum.

Bayan duwatsu sai hamada. Kafin a shiga Los Angeles daga gabas sai an ratsa busasshiyar ƙasa, inda zafin watan Yuli ke wuce digiri 40. Mu da muka san ranar Afrilu a Ringim ba sai an yi mana dogon bayani ba. Bambancin shi ne mu in ƙishi ya kama mu a hanyar Gujungu, kowace bukka ka tsaya ka yi sallama za a miƙo maka moɗa. Shi kuwa baƙin mutum ne shi kaɗai, a ƙasar da ba kowace ƙofa ce za ta buɗe masa ba.

To, ga abin da ya fi burge ni. A cikin kayanmu na gida ya yi wannan tafiya, babbar riga irin ta Yarabawa da hula. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya hau Raleigh ranar Juma'a ya san rigimar da ke tsakanin babbar riga da sarƙar keke. Kakana, Allah Ya jiƙansa, sai ya naɗe hannun riga a kafaɗa ya cusa ƙafar wando a safa kafin ya hau. Amma Ajala ya san abin da yake yi. Rigar ita ce rabin laccar. Kafin ya buɗe baki, wanda ya zo da tunanin ganin mai bante ya riga ya ga ɗinki da aiki da tsafta. A aji ana koya mana cewa abin da ba a saba gani ba shi ne labari. Ɗalibi ɗan Afirka da zai yi lacca ba labari ba ne, ba editan da zai tura ɗan rahoto. Amma ɗan Afirka cikin babbar riga a kan keke, ya fito daga Shikago zai je bakin teku, wannan kam dole a ɗauki hoto. Keken ya jawo 'yan jarida, su kuma suka kai saƙonsa inda ƙafarsa ba ta je ba. Da ya isa, magajin garin Los Angeles, Fletcher Bowron, shi ya tarbe shi a zauren birnin.

Inda abin ya fara karkacewa

Suna ya zo, kuma Los Angeles ita ce gidan finafinan Hollywood. Ba a daɗe ba kamfanin 20th Century Fox ya ba shi rawa a wani fim mai suna White Witch Doctor, wanda ya fito a 1953, tare da manyan taurari Robert Mitchum da Susan Hayward. Labarin fim ɗin a dajin Kwango aka kafa shi, wata Baturiya ma'aikaciyar jinya ta je ceton mutanen daji. Kun ga abin? Mutumin da ya taka keke kilomita dubu uku da ɗoriya don ya goge wannan hoto daga idon Amurkawa, ga shi a cikin fim ɗin da ke ƙara zana shi. Ba zan yi saurin zarginsa ba, ɗalibi ne a ƙasar mutane, aljihu ba nauyi. Amma a ganina daga nan ne suna ya fara rinjayar saƙo.

A shekarar 1953 ɗin dai ya faɗa rikici. Aka gurfanar da shi a kotu kan cekin banki na bogi. Ya ce wani ne ya yaudare shi, amma aka yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Wata mata kuma ta kai shi ƙara kan kula da ɗan da ta haifa masa, kotu ta ɗora masa biyan kuɗin ciyarwa. Uwa-uba, karatun da ya kai shi ƙasar ya yi rauni, alhali takardar zamansa ta ɗalibi ce. Sai jami'an shige da fice suka ba da umarnin a tasa ƙeyarsa.

Nan ma sai ya ɗauko dabararsa ta jan hankali. Ya haye wani dogon ƙarfen eriyar rediyo, irin ƙarfen sabis ɗin nan namu, mai tsayin ƙafa 80, ya ce ba zai sauko ba sai an janye umarnin. Ya shafe sa'o'i a sama, jama'a da 'yan jarida sun taru a ƙasa. Daga baya ya shiga yajin cin abinci. Jaridu sun buga, amma hukuma ba ta sauya ba. Ƙarshe dai jirgi aka sa shi zuwa Landan. Burin zama likita kuwa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga keke zuwa Vespa

Wani da wannan ya kwanta. Shi kuwa a watan Afrilun 1957 ya sake ɗaura kaya a Landan, wannan karon a kan babur ƙirar Vespa, ya ce duniya zai zaga. Ya yi shekaru kusan shida yana tafe, kuma ƙasashe 87 ake lissafa masa. Yana tafiya yana aikin jarida mai zaman kansa, yana rubutu yana ɗaukar hoto, rigarsa da hularsa na nan yadda suke.

Ya gana da Jawaharlal Nehru, Firaministan Indiya, har akwai sanannen hoton da Nehru ya hau babur ɗin nasa. Ya gana da Nikita Khrushchev na Tarayyar Sobiyet, da Gamal Abdel Nasser na Masar, da Sarkin Iran Muhammad Reza Pahlavi, da Golda Meir lokacin tana ministar harkokin wajen Isra'ila. Ba wata gwamnati da ta aike shi, ba shi da takardar jakada. In an hana shi ganin shugaba ta hanyar ofis, sai ya jira ranar da zai fito, ya kutsa ta cikin masu gadi. Ya sha kamu da tsarewa a kan haka. A zamanin da birnin Ƙudus ke rabe biyu tsakanin Jodan da Isra'ila, sojoji na fuskantar juna, ya ƙetara daga wannan ɓangare zuwa wancan a kan babur ɗinsa. Kada wani ya ce zai gwada irin wannan yau, don kafin ka kai ga motar shugaba an gama da kai.

A 1963 ya fitar da littafinsa a Landan mai suna An African Abroad, wato ɗan Afirka a ƙasashen waje. Tom Mboya, fitaccen ɗan siyasar Kenya, shi ya rubuta gabatarwar. A ciki ya ba da labarin Indiya da Tarayyar Sobiyet da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. Bai tsaya kan fadojin shugabanni kaɗai ba, ya rubuta talauci da wariyar da ya gani, da halin da ɗaliban Afirka ke ciki a ƙasashen da ke cewa su abokan Afirka ne. Muhimmancin littafin shi ne, ɗaruruwan shekaru Turawa ne ke zuwa su kalle mu su rubuta yadda suka ga dama. Ga wani namu ya je ya kalle su, shi ma ya rubuta.

Mu ma Hausawa muna da irin wannan gado. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth har Landan a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Dubban mutanenmu sun taka har Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu shekara bakwai wasu goma, amma da yake ba a rubuta ba, yawancin labaransu sun bi su kabari.

Dawowa gida

Ajala ya dawo Legas da suna kamar na sarki. Ya shiga harkar manyan bukukuwa da tallata mawaƙa, ya yi hulɗa da irin su Sikiru Ayinde Barrister mai kiɗan fuji. A 1972 Ebenezer Obey ya ambace shi a faifansa mai suna Board Members, kuma wannan waƙa ce ta ƙara dasa sunansa a bakin jama'a har ya zama laƙabin duk mai yawan tafiya. Ya yi aure-aure a Amurka da Ingila da Ostareliya da gida, ya bar 'ya'ya a ƙasashe daban-daban.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Zamani ya juya, sababbin fuskoki suka fito, masu gayyatarsa biki suka ragu. A ƙarshen rayuwarsa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, yana zaune a gidan haya a unguwar Bariga ta Legas, ba kuɗin magani na kirki. Mutumin da ya sha hannu da Nehru da Nasser, ya rasu ranar 2 ga Fabrairun 1999 a asibiti a Legas, cikin rashi. A lokacin ƙasa ta ɗauki zafin zaɓen komawa mulkin farar hula, hankalin kowa na can. Littafinsa ma ya ɓace daga kasuwa shekara da shekaru, sai a 2022 aka sake buga shi a Najeriya.

Mu fa?

Ba na kawo ƙarshensa don in yi masa dariya ba, ba wanda ya san yadda tasa za ta ƙare, Allah Ya sa mu cika da kyau. Na kawo ne don in ka auna rayuwarsa, za ka ga abin da ya yi saura da abin da ya bi iska. Tafi da hotuna da shiga gaban manya duk sun wuce tun yana raye. Sunan ma ya rabu da mai shi, har ga abokina Bayarabe yana kiran sunan kullum bai san akwai mutum a bayansa ba. Abin da ya tsaya shi ne kwana 28 ɗin nan da ya taka keke yana da abin faɗa, da kuma littafin da ya zauna ya rubuta.

Tun 2015, da wani matashi ɗan Katsina ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar cin zaɓen Buhari, tattaki ya zama yayi a Arewa. Kowane zaɓe sai ka ji wani ya ɗauki tuta da hoto, a ƙasa ko a keke, zai je taya wani murna. Wasu a ba su ɗan abin da aka ba su, wasu ko ƙofar gidan ba a bari su kai. Bayan sati biyu ba mai tuna sunansu. Ƙarfin yana nan, juriyar tana nan, wallahi ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi ɗaruruwan kilomita a rana tsaka. Dalilin tafiyar ne bai kai wahalar ba.

Ku duba waɗanda suka fita da dalili. A 2022 Kunle Adeyanju ya taho daga Landan zuwa Legas a kan babur don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. A 2023 wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya ratsa ƙasashen Afirka ta Yamma ya nufi jami'ar Azhar ta Masar neman ilimi, kuma ya samu gurbin karatu. Waɗannan ko ba wanda ya tarbe su da ambulan, tafiyarsu ta riga ta biya.

Don haka abokina, in har ƙafarka na ƙaiƙayi, ban ce kada ka hau keke ba. Ni ma zan so in ga ɗan Ringim ya tsoma tayar kekensa a ruwan teku a Legas, ya tako ya ƙetare Kwara da Binuwai, ya hau tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda ake noman shayi a cikin hazo, kusa da Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419. Amma ka tafi da abin faɗa. Ka faɗa wa mutanen hanya yadda ambaliya ke cinye gonakinmu a bakin kogin Haɗeja kusan kowace damina, ko yawan ƙannenmu da ba sa zuwa makaranta. Ka tafi da littafi da biro, kowane dare ka rubuta garin da ka kwana, da abin da ka ci, da abin da mutanen wurin suka ɗauka game da Bahaushe kafin su gan ka. Ka koyi faci da gyaran birki kafin ka tashi, ka nemi shawara kan hanyoyin da ke da tsaro, ka nemi albarkar iyaye. Sannan kada ka saki karatunka ko sana'arka saboda tafiyar, don ita tafiya tana ƙarewa, dole wata rana a dawo gida a ci abinci. In ka shirya haka, ni zan riƙe maka waya, har data zan saya da kuɗina.

Shi kuma abokina ɗan Ilori, na ba shi labarin nan duka a ɗaki. Ya yi shiru, sannan ya ce zai tambayi kakarsa in ya je hutu. Har yanzu dai bai daina kirana Ajala ba, ni kuma na daina jin haushi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.